Yadda Ake Zaɓen Tayar Akori-kura Mai Jan Tirela a Zafin Saudiyya

Ɓallin taya da kake gani a warwatse a gefen titin Jidda zuwa Madina, ko na Riyad zuwa Dammam, a watannin zafi, da yawansu ba ƙusa ce ta jawo su ba. Abu uku ne ke haɗuwa: lodi ya fi ƙarfin tayar, iskar cikinta ta yi kaɗan, kwalta kuma ta sha rana. Tayar da aka danne tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, sama da sau 600 a minti guda idan ana gudun kilomita 100, kuma wannan lanƙwasar zafi take haifarwa a cikin robar. Idan zafin ya yi yawa, ɗankon da ke riƙe wayoyin ƙarfe da roba sai ya saki, fatar tayar ta ɓalle. Motar da ba ta jan komai, direba na iya shawo kanta. Wadda ke janye da tan huɗu a baya kuwa, sai dai Allah Ya kiyaye.

Wannan bayani na masu manyan akori-kura ne, irin Ford F-250 da F-350, Chevrolet Silverado da GMC Sierra 2500 da 3500, da Ram 2500 da 3500, waɗanda 'yan'uwanmu ke tuƙawa, tasu ce ko ta kafili, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamansu a ƙasar, suna jan tirelar raguna da raƙuma, tankin ruwa, janareto, ƙaramar motar haƙa, ko jirgin kamun kifi a gaɓar Jidda da Yanbu. Mai Shas, wato akori-kurar Toyota Land Cruiser, ko Hilux ma lissafin ɗaya ne, lambobin ne kawai za su ragu.

Da farko ka san nauyin da ke kan ƙafafun baya

Buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙinta akwai takarda ko ɗan farantin da kamfani ya liƙa. Abu huɗu za ka nema: girman tayar da motar ta zo da ita, iskar gaba da ta baya, lambar GVWR wadda ita ce iyakar nauyin motar baki ɗaya da lodinta, sai lambar GAWR wadda ke faɗin iyakar abin da ƙafafun gaba za su ɗauka daban, na baya daban. Ɗauki hoton takardar a wayarka. GAWR ta baya ita ce uwa a harkar jan tirela. Raba ta biyu, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin nauyin da kowace tayar baya za ta iya ɗauka. Duk tayar da ba ta kai nan ba, ba taka ba ce, ko da kyauta aka ba ka.

Takarda iyaka take faɗa, ba ta san abin da kai kake lodawa ba. Don haka ka shirya motar kamar ranar tafiya: tanki cike da mai, mutanen da za su shiga, kayan da ke bodi, tirela a ɗaure da lodinta. Ka nemi sikelin manyan motoci, irin wanda ake samu a wuraren sayen tsohon ƙarfe da wuraren sayar da tsakuwa. Ka hau da ƙafafun gaba kaɗai, ka rubuta. Ka matsa gaba har motar ta hau gaba ɗaya amma tayoyin tirela na ƙasa, ka rubuta. Cire na farko daga na biyu, ka samu nauyin baya. Daga ƙarshe ka auna tayoyin tirelar su kaɗai.

Mutane da dama na mamakin abin da sikeli ke nunawa a baya, ga kuwa dalili. Tirelar da ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota, ya kamata wuyanta ya danna ƙugiyar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Tirela mai kilo 4,000, a ce kashi 12, kilo 480 ke nan. Amma ƙugiyar ba a kan ƙafafun baya take ba, tana can bayansu, saboda haka tana danna baya tana ɗaga gaba. Idan tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita 4 ne, daga ƙafar baya zuwa ƙugiya kuma mita 1.2, to kilo 480 ɗin nan zai sauka a ƙafafun baya a matsayin kilo 624, gaba kuma ya rage kilo 144. A ce bayan motar da babu kaya kilo 1,400 ne, ka ƙara kilo 600 na buhunan sha'ir da jarkokin ruwa da rabon nauyin mutane. Jimla 2,624, wato kowace taya na ɗauke da 1,312. Riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Tirela mai dogon wuya da ake ɗaurawa a tsakiyar bodi tana sauke fiye da haka, kashi 15 zuwa 25, kuma kusan dukkansa a kan ƙafafun baya yake zama. Da irin wannan tirela, tayoyin baya ne ke fara cika tun kafin inji ya ji a jikinsa.

Kada ka sayi tayar da ƙarfinta ya yi daidai wa daida da lissafinka. Lodi ba ya raba kansa daidai tsakanin hagu da dama, dabbobi na komawa gefe guda a kwana, ruwan tankin da bai cika ba yana kai da komo. Ka bar rarar aƙalla kashi 10 cikin ɗari, in da hali 15. Kuma ka sani, idan nauyin wuyan tirela ya gaza kashi 10, za ta riƙa lilo a bayanka, babu tayar da za ta magance wannan sai ka gyara lodin, ka matso da masu nauyi gaban ƙafafun tirelar.

Karanta abin da ke rubuce a gefen taya

Ɗauki wannan misali, wanda ake yawan gani a manyan akori-kura: LT265/70R17 121/118S, kusa da shi kuma an rubuta Load Range E ko 10 PR.

LT ɗin farko na nufin an gina tayar don motar kaya. 265 faɗinta ne a milimita, 70 tsawon gefenta ne, wato kashi 70 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman wili ne a inci. Waɗannan kowa ya sani. Inda ake wucewa ba a duba ba shi ne 121/118. Wannan ita ce lambar lodi, kuma kowace lamba na da nauyinta tsayayye: 112 kilo 1,120 ne, 115 kilo 1,215, 118 kilo 1,320, 120 kilo 1,400, 121 kilo 1,450, 123 kilo 1,550, 125 kilo 1,650, 126 kilo 1,700. Lamba ta farko ta motar da ke da taya ɗaya a kowane gefe ce. Ta biyu, ƙaramar, ta mai tayoyi bibbiyu a baya ce. A lissafinmu na ɗazu, taya mai 121 na ɗaukar 1,450, lodi kuma 1,312, rarar ta kai kusan kashi 10. Ta wadatar, amma babu wurin ƙara ko buhu biyar.

Harafin C, D, E ko F yana nuna yawan iskar da jikin tayar zai jure. A tayoyin da faɗinsu bai wuce misali ba, C na tsayawa a 50 a geji, a ma'aunin psi, D a 65, E a 80, F a 95. Masu shago kan ce mai ninki shida, takwas, goma, sha biyu, shi ne PR ɗin da ka gani. Kada ka ɗauka akwai ninki goma na gaske a ciki. Tsohon ma'auni ne tun zamanin da ake yin taya da zaren auduga, ta yau ninki biyu ko uku take da shi a gefe, da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zane. Wani abin lura kuma, tayoyi masu faɗi sosai, waɗanda suka haura milimita 295, sau da yawa E ɗinsu a 65 yake tsayawa. Saboda haka harafin shi kaɗai ba hujja ba ne. Idan kana gwada taya biyu, lambar lodi za ka gwada, sannan ka karanta ɗan ƙaramin rubutun da ke kusa da bakin wili, inda aka faɗi iyakar kilo da iskar da ake buƙata kafin ta ɗauki wannan kilon.

Harafin ƙarshe na gudu ne: N kilomita 140 a awa, Q 160, R 170, S 180, T 190. Ba wanda zai ja tirela a 170, amma harafin na nuna yadda tayar ke jure zafin da gudu ke haifarwa, don haka kada ka sauka ƙasa da wanda motar ta zo da shi.

A nan ƙasar an saba tambayar harafin jure zafi, A ko B ko C, kuma tambaya ce mai kyau a tayar ƙaramar mota. Sai dai wannan tsarin na Amurka bai wajabta shi a kan tayoyin LT ba, don haka za ka ga ingantacciyar tayar kaya babu harafin sam. Kada rashinsa ya sa ka bar tayar LT ka ɗauki ta ƙaramar mota don kawai an buga mata A.

Wannan kuskuren ya fi kowane yawa, domin girman ɗaya ne, farashin kuma ya fi sauƙi. Akwai 265/70R17 mai lamba 115 wadda ba LT ba, an yi ta ne don jif na iyali. A rubuce kilo 1,215 take ɗauka, amma ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce, idan aka sa irin wannan taya a motar kaya, sai a raba ƙarfinta da 1.1. Ya koma kusan kilo 1,105. Lodinmu 1,312 ne, kowace taya ta gaza da sama da kilo 200. Ga shi gefenta laushi gare shi, tirela na turo bayan motar sai ka ji yana tangaɗi. Za ta hau wilin lafiya lau, a ido ba ka ganin bambanci, sai an yi nisa da gari.

Masu Hilux da makamantanta za su ga wani salon rubutu, C a ƙarshen girman, kamar 205R16C 110/108. Wannan C ɗin alamar tayar kaya ce a tsarin Turai, ba harafin ninki shida ba ne. Lamba 110 kilo 1,060 ne.

Iska ce ke ɗaukar kaya

Robar taya jaka ce kawai, iskar cikinta ce ke ɗauke da motar. Tayar nan LT265/70R17 mai harafin E ba ta ɗaukar kilo 1,450 sai an ba ta 80. A 65, kilo 1,320 take ɗauka. A 50, kilo 1,120. Wanda ya biya kuɗin taya mai ninki goma, sannan ya bari yaron banshar, wato shagon facin taya, ya sa mata 40 kamar yadda yake sa wa kowace mota, ya sayi ƙarfin da ba ya amfani da shi, kuma tayar za ta yi zafi fiye da ta ƙaramar mota, domin robarta ta fi kauri.

Ka bi abin da takardar ƙofa ta ce. A waɗannan motoci ba abin mamaki ba ne ka ga 60 ko 65 a gaba, 70 ko 80 a baya. Idan ka sauya daga tayar iyali zuwa LT a ƙaramar akori-kura, lambar ƙofa ba ta isa ba kuma, domin LT na buƙatar iska fiye da waccan kafin ta ɗauki nauyi ɗaya. Nemi jadawalin lodi da iska na kamfanin tayar, kowane babban kamfani na da shi a intanet.

Ana auna iska ne taya na sanyi, wato motar ta yi awa uku a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta kai kilomita biyu ba. Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta bugi gefe guda. Ka mallaki gejinka, wanda ke kaiwa 100 ko sama, domin da yawa daga na ƙananan motoci a 60 suke ƙarewa.

Akwai wata al'ada da ya kamata a daina: rage iska lokacin bazara wai don kada taya ta fashe. Ana ganin kamar hikima ce, alhali ita ce ke kashe tayar. Gaskiya ne iska na ƙaruwa da zafi, kusan kashi 2 cikin ɗari a duk digiri biyar zuwa shida, kuma tayar da ka bari a 80 da asuba za ka iya samunta a 88 ko 90 da azahar a hanyar Riyad. Kamfani ya san da wannan, an gina tayar don ta jure shi. Lambar da ke gefenta ta sanyi ce. In ka sace iskar tana da zafi, ka mayar da ita 80, to a zahiri ka rage mata ƙarfi, za ta ƙara lanƙwashewa, ta ƙara zafi. Kada ka taɓa rage iskar taya mai zafi.

Ranar da ba ka jan komai, bodi kuma fayau, 80 a baya zai sa motar ta riƙa tsalle, tsakiyar zanen ya riga gefe cinyewa. Kana iya ragewa gwargwadon littafin motar ko jadawalin kamfani, da sharaɗin ka mayar kafin ka sake ɗaura tirela.

Zane da girma

Zane iri uku ne a kasuwa. Na kwalta, mai alamar HT, layukansa a jere suke kuma a matse. Shi ya fi sanyi a doguwar tafiya, ya fi tsayuwa da birki, ya fi ƙarancin cin mai da ƙara. Duk wanda aikinsa Jidda, Makka, Madina, Riyad ne a kan titi, wannan zai saya. Na biyu AT, na kwalta da daji, ya dace da mai kai abinci da ruwa garken raƙuma, wanda zai bar titi ya bi tsakuwa da duwatsu masu kaifi. A cikinsa ma ka zaɓi mai ƙananan gaɓoɓi a matse. Na uku MT, mai manyan haƙora, na laka ne. Yana da kwarjini a ido, amma dogayen haƙoran na motsi ƙarƙashin lodi, suna tara zafi, suna sa bayan mota rawa, birki kuma ya yi nisa. Ga mai jan kaya a kwalta ba shi da wani amfani. Tayar yashi mai laushin gefe, wadda masu hawan tudun rairayi ke so, ita ma ba ta wannan aikin ba ce.

Game da girma, tsaya a kan wanda motar ta zo da shi. Tsayin 265/70R17 kusan milimita 803 ne. In ka sa mai inci 35, ka ƙara kusan kashi 10 cikin ɗari. Ƙarfin jan motar ya ragu da kusan haka, giya za ta riƙa neman sauka tana zafi, birki zai ƙara wahala, agogon gudu kuma zai nuna 100 alhali kana 110, kyamarar Sahir mai kama masu wuce iyakar gudu kuwa ba ruwanta da agogonka. Babban wili mai siririyar taya, irin inci 22 na ado, sau da yawa lambar lodinsa ba ta kai ba. Idan ƙarfi kake nema, akwai hanya: LT275/70R18 mai E na da lamba 125, kilo 1,650, LT275/65R20 mai E kuma 126, kilo 1,700, kuma kamfanonin da kansu suna fitar da wasu motocin da su. Amma ka tuna, taya mai ƙarfi ba ta ɗaga GAWR. Sifirin da birki da ƙarfen ƙafa suna nan yadda suke.

A shagon taya

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ka sa a fito da tayoyin ka gan su da idonka. Nemi rubutun da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 3524 na nufin mako na 35 a shekarar 2024. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, in ba ka gani ba ka juya ta. Ka duba kowace ɗaya, kada ka duba ta sama ka yarda da sauran. Nemi wadda ba ta wuce shekara guda ba, kuma ka guji wadda aka jera a waje rana na dukanta. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, zafi kuma na gaggauta tsufan. Kamfanonin taya da dama na cewa a riƙa binciken taya sosai bayan shekara biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take. Wannan magana ce ta duniya baki ɗaya. Ga motar da ke jan kaya a inda zafi ke haura digiri 45, shawararmu ita ce a sauke ta a shekara huɗu zuwa biyar ko da zanen na nan.

Sabuwar taya a nan tana zuwa da takardar SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, a liƙe, mai nuna matsayinta wajen cin mai da kama jiƙaƙƙen titi. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai ɗauke da sunan tayar da girmanta, ka tambayi garanti. Tayar tashlih kuwa, wato wadda aka ciro daga matattun motoci, ko zanenta na sheƙi, ba ka san sau nawa aka yi tafiya da ita babu iska ba, kuma wannan raunin a ciki yake ɓuya. A motar ja, ba ta da wuri. Michelin, Bridgestone, BFGoodrich, Toyo, Yokohama, Hankook da Maxxis duk suna yin tayoyin LT. Sunan kamfani na da muhimmanci, amma bayan lambar lodi da kwanan wata yake zuwa.

Abu biyu ƙanana da ake mantawa. Bawul ɗin roba na ƙaramar mota iyakarsa 65 ne. Taya mai shan 80 na buƙatar bawul na babbar iska ko na ƙarfe mai noti, kuma a sa sabo duk lokacin da aka sa sabuwar taya. In motar na da na'urar da ke nuna iska a gaban direba, ka gaya wa mai aikin tun kafin ya sa ƙarfe, don kada ya karya ta. Na biyu wili: shi ma yana da iyakar kilo, a buge a cikinsa. Wilin ado da aka saya a sina'iyya, unguwar makanikai da maƙera, na iya gaza ƙarfin tayar da ke kansa.

A yi balansin duka. A ɗaure notuna a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon littafin motar, domin bindigar iska na wuce gona da iri har ta miƙar da ƙusoshin. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 100 a sake bin su. In tsofaffin tayoyin sun ci gefe guda, a yi saitin ƙafa a ranar, in ba haka ba sababbin ma haka za su bi. Mota mai jan ƙafa huɗu tana son tayoyi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya. In kuɗin biyu kawai gare ka, sababbin su tafi baya. Safaya ma ta zama mai lambar lodi ɗaya da sauran. Tana can ƙarƙashin bodi tana shan ƙura da zafin salansa, ba mai tuna ta sai ranar buƙata, don haka ka sauke ta ka duba shekarunta da iskarta.

Wasu Shas ɗin na da wili mai zobe, wanda ke amfani da tib. Sabuwar taya na son sabon tib da sabon shimfiɗin roba, kuma lokacin ba ta iska kada kowa ya tsaya a gaban zoben, domin in bai zauna daidai ba yana fita da ƙarfin da zai iya kisa.

Sabuwar taya kan yi ɗan santsi da rawa a kilomita 500 zuwa 800 na farko, saboda tsawon zane da man da ke jikinta daga masana'anta. In zai yiwu, kada tafiyarta ta farko ta zama da cikakken lodi.

Mai tayoyi bibbiyu a baya, da tayoyin tirelar kanta

A F-350 ko 3500 mai ƙafa shida, ƙaramar lambar ce taka. LT235/80R17 120/117 na ɗaukar kilo 1,400 ita kaɗai, amma 1,285 idan an haɗa ta da 'yar'uwa, domin ba sa raba nauyi daidai kuma suna dumama juna. Biyun da ke gefe ɗaya su zama kamfani ɗaya, zane ɗaya, tsayinsu kada ya bambanta da fiye da milimita 6. In ɗaya ta fi tsayi, ita za ta ɗauke kayan ta yi zafi, gajeriyar kuma ta riƙa gogar ƙasa. Kada ka sa masu faɗin da zai sa gefensu ya taɓa juna ƙarƙashin lodi. Ta ciki na iya sacewa gaba ɗaya ba ka gani ba, ta waje na riƙe da ita, saboda haka geji za ka sa mata, bugu da ƙafa ba ya nuna komai.

Tirela kuwa, musamman wadda aka ƙera a sina'iyya, galibi duk tayar da aka samu ake ɗaura mata, har da wadda aka cire daga ƙaramar mota. Raba nauyin da sikeli ya nuna da yawan tayoyinta, ka ƙara rara, ka sayi LT, ko mai C a ƙarshe, ko mai alamar ST wadda aka yi don tirela kaɗai. ST ba a sa ta a mota. Kuma in ba a buga mata harafin gudu ba, iyakarta kusan kilomita 105 ne a awa. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa 140 a wasu manyan hanyoyin ƙasar nan, amma wannan allon ba da mai tirela yake magana ba. Tsakanin 80 da 90 ya ishe ka. Tayar tirela ba kasafai take suɗewa ba, ajiya ce ke kashe ta: wata da watanni a wuri ɗaya, rana na gasa gefe guda har ya tsattsage. Ka rufe ta, ka ɗora ta a kan katako, ka duba tsagar da ke tsakanin zane kafin kowace tafiya.

A kan hanya

Tsaya bayan rabin awa na farko, daga nan kuma duk bayan awa biyu. Zagaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya da tsakiyar wilinta. Ba zafin kansa kake nema ba, bambanci kake nema. Idan ɗaya ta fi 'yan'uwanta zafi sosai, ko iskarta ta ragu, ko birkinta na kamawa, ko boris ɗinta ya fara ci. Ƙaramar na'urar auna zafi daga nesa ba ta da tsada, ta fi hannu. A Yuni, Yuli da Agusta, in kana da zaɓi, ka yi doguwar tafiya da dare ko da sassafe.

Gangaren Ɗa'if zuwa Makka, da na Abha zuwa gaɓar teku, wani gwaji ne daban. Birkin da aka danne tun daga sama yana zafafa wili, wili kuma ya gasa bakin tayar da bawul. Sauka da ƙaramar giya, ka kunna tsarin jan kaya in motar na da shi, da birkin inji in ta dizal ce, ka riƙa taka birki da ƙarfi kaɗan kana saki maimakon ka kwantar da ƙafa a kai.

In ka rage iska don ka ratsa yashi zuwa garke, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta, ba sai ka kai gidan mai na gaba ba. Kilomita ashirin da lodi a kan iska 20 sun isa su lalata cikin taya, ta fashe bayan mako biyu kana mamakin dalili. Ka ajiye famfon lantarki mai iya kaiwa 80, domin ƙananan na ƙonewa kafin su cika ko taya ɗaya.

Yadda taya ke cinyewa na faɗa maka matsalarta. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan ko lodi ya yi yawa. Tsakiya kaɗai, iska ta yi yawa. Gefe ɗaya, saitin ƙafa. Rami-rami a kewaye, shokozoba ko balansin. Iyakar zurfin zane da aka sani milimita 1.6 ne, inda 'yan gadojin da ke cikin kwarin zanen ke daidaita da sama, amma mai tirela ya sauke taya tun tana milimita 3 zuwa 4. Ruwan sama a nan ba ya yawa, sai dai ranar da ya zo yana haɗuwa da ƙura da man da suka daɗe a kan titi, ya zama santsi. Kumburi a gefe, ko sitiyari ya fara rawar da ba ya yi da, alama ce wayoyin ciki sun fara rabuwa. Sa safaya nan take.

In taya ta fashe kana tafe, kada ka daka birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsayar da motar a layinta, ka saki totur a hankali har gudu ya mutu, sannan ka gangara gefe.

Faci kuma yana da iyaka. Hujin da ke kan zane, wanda bai wuce milimita 6 ba, ana gyara shi, amma sai an cire tayar daga wili an duba cikinta, a toshe ramin a kuma liƙa faci ta ciki. Igiyar da ake cusawa ta waje ta kai ka banshar ce kawai. Hujin kafaɗa ko na gefe ba a facinsa. Idan aka buɗe aka ga garin baƙar roba a ciki, ko wani zobe mai duhu ya zagaye gefen, an yi tafiya da ita babu iska, zarenta ya ƙone, ko an toshe hujin ba za ta koma ƙarƙashin lodi ba.